Alkaki da Nakiya a Arewacin Kamaru

Alkaki da nakiya kayan zaƙi ne da matan Hausawa ke yi a gida, kuma su ne kan gaba a gara, wato kayan abincin da dangin amarya ke kai wa gidan ango bayan biki. Ana yin su a gidajen Hausawa na Garwa, Marwa da Ngaundare, garuruwan da Fulatanci ya fi yawa a kasuwa, amma kayan gara ba su sake suna ba. Akan kuma yi su da sallah da lokacin suna.

Alkaki daga alkama yake. Ɓarza ta ake yi, ba niƙa lukui ba, sannan a murje ta da mai, a kwaɓa da yis ko nono mai tsami, a rufe ta kwana. Da safe a sa ruwan kanwa ya kashe tsamin. Daga nan sai aikin hannu: a gutsuro kwaɓin, a murza shi a kan tire ya yi tsawo kamar igiya, a naɗe, a jefa cikin mai. Wuta kaɗan-kaɗan yake so, don in mai ya cika zafi waje zai yi ja ciki yana ɗanye. Yana fitowa sai a tsoma shi cikin sukarin da aka dafa da lemun tsami ko tsamiya, wanda tsaminsa ke hana sukarin ƙanƙarewa. Gwanaye ba sa duba agogo. Su ɗiga sukarin tsakanin yatsu biyu, in ya ja zare to ya yi. Wanda aka tsoma a zuma ya fi daraja nesa ba kusa ba, kuma tudun Adamawa, musamman wajen Ngaundal, ƙasar zuma ce.

Nakiya kuwa da shinkafa ake yi. A jiƙa, a shanya, a niƙa, a soya garin har ƙamshi ya tashi, sai a kirɓa a turmi da man shanu da sukari ko zuma, da citta, kanumfari da masoro, a dunƙula. Man shanun daga Fulani yake zuwa, shinkafar gida kuma ana noma ta a Yagwa da Maga, kusa da kogin Logone, inda kamfanin noman shinkafa na SEMRY, wanda aka kafa a 1971, ke aiki. Tun da ba ruwa a cikinta, nakiya takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa take guzuri mai kyau ga wanda zai hau jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde.

Abin da ya ɗaure su da zukatan mutane shi ne mace ɗaya ba ta yin gara. Gwaggo da inna da maƙwabta ke taruwa a tsakar gida, luguden taɓarya na tashi, kaka na zaune a tabarma tana ɗanɗanawa tana cewa a ƙara citta. A nan yarinya ke koyon naɗi, a warware mata sau uku sau huɗu kafin hannunta ya faɗa. Ba a rubuta ma'auni. Da gwangwani da tafin hannu ake awo, don haka kowane gida da ɗanɗanonsa. Yara kuma suna bakin murhu suna jiran waɗanda suka karye, domin karyayyen alkaki ba ya shiga kwallar amarya.