Generalife: Gidan da Sarakunan Granada ke Fakewa Idan Bazara ta Tsananta

A ina gidan yake, su wa suka gina shi?

Yana birnin Granada a kudancin Sifen, a kan wani tudu da ke fuskantar fadar Alhamra. Kwari ɗaya ne ya raba su. Sarakunan Banu Nasr, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, su suka gina shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14. Sarki Isma'il na ɗaya ya sake ƙawata shi a 1319.

Ga fada kusa, me sarki zai yi da wani gida?

Fada wurin shari'a ce da baƙi da hayaniyar fadawa. Nan kuwa gidan gona ne, kewaye da lambunan 'ya'yan itace da kayan miya. Shi ya sa adonsa bai kai na Alhamra ba, an bar iska da inuwa su yi aikinsu.

Mene ne ya fi ɗaukar hankali a gininsa?

Ruwa. Daga kogin Darro aka janyo shi ta doguwar magudana da ta bi gefen tsauni. Tsakar gidan doguwa ce, tsawonta kusan mita 49, faɗinta kusan 13, ruwa ya ratsa tsakiyarta, a kowane ƙarshe kuma akwai rumfa mai bakan gizo da zanen farar ƙasa. Akwai kuma wurin hangen gari da aka yi tagoginsa ƙasa-ƙasa, domin wanda ya zauna a kan shimfiɗa ya hango gari ba sai ya miƙe ba. Ni dai matakalar ruwa ta fi burge ni: an fafe saman katangun da ke gefenta biyu, ruwa na gangarowa ta ciki, mai hawa ya tsoma hannu ya ji sanyi.

Duk abin da ake gani yau na asali ne?

A'a. Ruwan da ke tsartuwa sama a tsakar gidan, wanda kowa ke ɗauka a hoto, ƙarin ƙarni na 19 ne. Lambunan da ke ƙasa kuwa a ƙarni na 20 aka shimfiɗa su. Wata gobara da ta tashi a gidan a 1958 ce ta sa masana suka tona, suka ga asalin lambun tsakar gidan ya fi na yanzu zurfi.

Bayan faɗuwar Granada a 1492 fa?

Ya koma hannun sarakunan Kirista, sannan wata zuri'a mai suna Granada Venegas ta riƙe shi har 1921, lokacin da gwamnatin Sifen ta karɓa. A 1984 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi, tare da Alhamra, cikin kayan tarihin duniya.