Biki a tsibiri: tambayoyi kafin a biya kuɗin otal

A gidajen Malali da Unguwar Rimi an fara jin amare suna cewa su a bakin teku suke son bikinsu, kan farin yashi, ƙarƙashin itacen kwakwa. Hotunan da suke nuna wa iyaye a waya suna da kyau, ba musu. Sai dai hoto ba ya nuna kuɗin jirgi, ba ya nuna ciwon gwiwar Hajiya.

A can za a ɗaura auren?

Ni dai shawarata, a ɗaura a Kaduna. Ɗaurin aure na waliyyi ne da shaidu da sadaki, kuma na su Baffa da Kawu ne da mutanen unguwa da za su cika Masallacin Sultan Bello ko na layinku bayan Juma'a. Abin da otal-otal na tsibiran Maldibis, a Tekun Indiya, suke sayar wa baƙi da sunan aure ado ne kawai, babu takardar doka a bayansa. Kamu da sa lalle da kai amarya su ma a bar su a gida, in ba haka ba Gwaggo ba za ta daina maganar ba har a yi sunan ɗan fari. Walima ko dina, ita ce ake ɗauka a kai tsibiri.

Wane tsibiri ya fi dacewa da mu?

Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya. Kusan duk mutanen wurin Musulmi ne, ana jin kiran salla, naman kasuwa yankan Musulmi ne, ga shinkafar pilau da biryani da baƙo daga Arewa zai ci ba tare da ya yamutsa fuska ba. Hanya kuma a fili take: jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, sannan jirgin Habasha daga Abuja, a canza a Adis Ababa. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza tun daga gida, kuma takan ɗauki lokaci, don haka a fara da ita kafin ɗinkin anko. A riƙe katin rigakafin shawara. Tun Oktoban 2024 kowane baƙo yana biyan inshorar dala 44 kafin ya shiga.

Maldibis ita ma ƙasar Musulmi ce, tana ba da bizar kwana 30 a filin jirgi. Matsalarta, yawancin otal ɗin kowane da tsibirinsa. Daga Male, babban birnin ƙasar, sai kwalekwale mai inji ko ɗan jirgin da ke sauka kan ruwa, wanda ba ya tashi da dare. Wurin ango da amarya ne su kaɗai, ba na gayya ba.

To a Zanzibar ɗin, wane ɓangare?

Nan ne aka fi yin kuskure. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku yana janyewa nesa sau biyu a yini. Amarya ta gama kwalliya, mai hoto ya shirya, a duba a ga ruwa ya tafi ya bar ciyawar teku da duwatsu. Ga iska mai ƙarfi, wadda saboda ita masu wasan lilo a kan ruwa suke tururuwa can. Gyale da ɗaurin kai ba sa shiri da ita.

A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya ja da baya sosai, kuma rana tana faɗuwa a gaban mutum, daidai lokacin hoto kafin magariba. Illarsu cunkoson 'yan yawon buɗe ido da kiɗan dare, ga tafiyar fiye da awa ɗaya daga filin jirgi. Idan akwai dattawa a tafiyar, a sauke su a tsohon gari, Stone Town, kusa da masallatai da asibiti, a kawo su ranar walima.

Wane wata?

A Zanzibar, ruwan sama mai yawa daga Maris zuwa Mayu, ƙarami a Nuwamba. Yuni zuwa Oktoba ya fi. Ƙarshen Disamba komai ya yi tsada.

Me za a tambayi otal kafin a ba da kafin alƙalami?

Farko, filin naku ne ku kaɗai a ranar, ko Turawa cikin kayan wanka za su riƙa giftawa ta gaban surukai? Yawancin otal na bakin teku suna sayar da giya, ko da a ƙasar Musulmi ne, to a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a kawo ta wurin taronku ba. A tambayi ɗakin salla da wurin alwala, da zauren da za a koma idan hadari ya taso, da ƙarfe nawa ake kashe kiɗa. A tambaya ko za su bari a shigo da mai dafa masa da miyar taushe. Kuma idan an hana wasu biza, nawa za su mayar?

Mutum nawa za a ɗauka?

Bikin gida ba a ƙirga kai, duk wanda ya ji ya zo, a ƙara ruwa a miya. A tsibiri kowane kai tikiti ne da gado da faranti, duk da dala. Ashirin zuwa talatin sun isa: iyaye, 'yan ɗaki ɗaya, ƙawaye biyu uku. A rubuta sunayen tare da Mama tun kafin a zaɓi otal, don ita ta san wanda in aka bari a baya sai an je har gida ba da haƙuri.