Gyaran Tsofaffin Hotunan Iyali da Kwamfuta

Gyaran tsohon hoto shi ne a ɗauki kwafin hoton da ya koɗe, ko ya yage, ko ruwa ya taɓa, a shigar da shi kwamfuta ko waya, a yi amfani da manhaja a dawo masa da kamanninsa na farko. A kan kwafin ake aikin, ba a taɓa takardar asali. A garuruwan karkarar Kano da Jigawa, irin su Bichi da Rano da Ringim da Gumel, galibi masu shagon kwamfuta da masu ɗaukar hoton biki ne ke yin wannan aiki, sai kuma matasa masu gwadawa da wayoyinsu.

Kafin zuwan waya mai kyamara hoto bai yawaita a ƙauye ba, wasu dattawan ma ƙyamarsa suke yi saboda fahimtarsu ta addini. Shi ya sa gida guda kan wayi gari ba shi da hoton kakansa sai ɗan fasfo na aikin Hajji, ko na katin aikin En'e, ko na tsohon soja cikin kaki. Fim ɗin da aka wanke hoton da shi ya daɗe da ɓata. Idan wannan 'yar takarda ta lalace, babu inda za a samo wata.

Abin da ke lalata hoto

Hoton baƙi da fari ƙwayoyin azurfa ne a cikin siririn jelatin da aka shimfiɗa a kan takarda. Yana da ƙarko, amma idan mai wankin bai ɗauraye sinadarin da kyau ba, da shekaru sai ya yi rawaya-rawaya, wuraren duhu kuma su riƙa ƙyalli. Hoto mai kala ya fi saurin lalacewa, domin rini uku ne ke haɗa shi, shuɗi da ja mai ruwan hoda da rawaya, kuma ba tare suke koɗewa ba. Idan shuɗin ya riga sauran tafiya, sai hoton gaba ɗaya ya koma ja-ja, kamar yadda ake gani a yawancin hotunan shekarun 1970 da 1980.

Yanayin ƙasar nan ba ya raga wa takarda. Zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano yana hanzarta koɗewar rini, laimar damina tana kawo hunhuna tana manne hoto da gilashin firam, ƙurar hunturu tana karce fuska, gara da kyankyaso kuma su ci gefe. Ga ambaliya, irin wadda ta shafi yankin Haɗeja da Ringim a 2022, wadda ke shiga har cikin akwatin ƙarfe. Hoton da ruwa ya jiƙa a kan ɗauraye shi a hankali da ruwan sanyi mai tsabta, a shanya shi a inuwa fuskarsa na kallon sama. Rana ƙarasa shi take yi.

Yadda ake aikin

Matakin farko shi ne ɗaukar kwafi, kuma a nan yawancin aiki ke lalacewa tun kafin a fara. Da sikana, wato na'urar da ke kwafe takarda zuwa cikin kwamfuta, ɗigo 300 a kowane inci ya isa idan girman hoton ba zai canza ba, amma ɗan fasfo da ake son mayarwa babban hoton bango yana buƙatar 600 ko fiye. Ko da hoton baƙi da fari ne, gara a ɗauke shi da kala, don tabo mai launi ya fi sauƙin warewa. Inda babu sikana waya ma ta yi: a shimfiɗa hoton a bakin zaure inda haske ke shiga ba rana kai tsaye ba, a kashe fitilar kyamara, a riƙe wayar daidai saman hoton. Manhajar PhotoScan da Google ya fitar a 2016 tana rage ƙyallin gilashi. Hoton da ya manne da gilashi ba a ɓamɓare shi, tare da gilashin ake ɗauka. Wajen turawa ta WhatsApp kuwa a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ƙananan bayanai su ɓace.

Manhajar da ta fi suna ita ce Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar a 1990. Akwai GIMP, wadda kyauta ce, da Snapseed ta waya. Mai gyara kan fara da daidaita haske da duhu da makaman Levels ko Curves. A hoton da ya yi ja, sai ya nemi abin da ya tabbata fari ne, kamar rawani ko farar shadda, ya nuna wa manhajar, sauran launuka su bi sahu. Daga nan sai cike karce da yaga: Clone Stamp yana kwafo wuri mai lafiya ya rufe mai rauni, Healing Brush, wanda ya shigo Photoshop a 2002, yana yin haka tare da saje haske. Bango da tabarma ba sa ba da wahala. Yagar da ta ratsa ido ko baki ita ce ke cin sa'o'i.

Ƙirƙirarriyar basira da kamannin mutum

Manhajoji masu aiki da ƙirƙirarriyar basira (AI), irin su Remini, suna fito da fuska tas cikin daƙiƙu, shi ya sa suka karɓu. Sai dai abin da hoton ya rasa ba dawo da shi suke yi ba, kintata suke yi daga ɗimbin fuskokin da aka horar da su da su. Illar wannan a ƙasar Hausa babba ce. Bille ko zanen gado da ke kumatun dattijo, manhajar kan ɗauke shi karce ne ta share, alhali shi ne shaidar asalinsa. Ta kan sulɓe fata, ta haskaka ta, ta sauya ƙirar hanci, aikin aska takwas na wuyan babbar riga kuma ya koma dagwalo. Jikoki su yi murna da hoto mai kyau, tsohuwar gida ta duba ta ce wannan ba Malam ba ne.

Haka batun sanya wa hoton baƙi da fari kala: manhaja ba ta san ko rigar shuɗiya ce ko koriya ba. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan tambayi wanda ya san mamacin, ya nuna masa aikin kafin a buga, kuma inda rabin fuska ya tafi ya bar wurin da ɗan dishi-dishi maimakon ya ƙirƙiro. Ya kamata kuma ya tuna hoton matan gida amana ne, ba a barinsa a kwamfutar shago ko a yi tallar aiki da shi sai da izini.

Adanawa

Ana ajiye fayil biyu, wanda ba a taɓa ba da wanda aka gyara, a wuri fiye da ɗaya, domin katin memori kan mutu waya kuma kan ɓata. A nau'o'in fayil ɗin hoto, TIFF ya fi JPEG riƙe inganci, don JPEG yana raguwa duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Sabon bugun shi ake ratayewa a bango. Na asalin a sa shi a ambulan, nesa da ƙasa da jikin garu mai laima, kada a yi masa laminatin, don zafin injin yana cutar da shi kuma robar ba ta ciruwa. A bayansa a rubuta sunan wanda ke cikin hoton da garinsu da shekarar da ake zato da fensir, domin tawadar biro tana ratsa takarda.