Wurare masu tsarki a cikin gandayen da ake karewa

Wurare masu tsarki na halitta su ne sassan ƙasa ko na ruwa da wata al'umma take girmamawa saboda imaninta: dutse, kurmi, kogo, tafki, idon ruwa, wani lokaci ma bishiya guda tilo. Da yawa daga cikinsu yanzu suna cikin gandayen da gwamnatoci suka keɓe don kare namun daji da tsirrai. Hakan ya sa wuri ɗaya yake da masu shi biyu, hukumar da doka ta damƙa wa gandun da kuma zuriyar da ta gaji kula da shi tun kaka da kakanni. Yawancin dokoki da yarjejeniyoyin wannan fanni ƙoƙari ne na raba gardama kan wanda ke da ta cewa.

Asali

Tun kafin a san dokar gandun daji, hane-hanen gargajiya ne ke tsare irin waɗannan wurare. Ba a sarar itace, ba a farauta, ba a kiwo, wasu sassan ma dattawa kaɗai ke taka su. Amfanin wannan a bayyane yake. A tsaunukan arewacin Habasha, inda noma ya cinye kusan dukan daji, ragowar tsofaffin itatuwa suna kewaye da majami'un Orthodox, kamar tsibirai a tsakiyar gonaki. A gaɓar tekun Kenya akwai dazuzzukan Kaya na al'ummar Mijikenda, waɗanda UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Kurmin Osun-Osogbo na Najeriya, mai faɗin kimanin hekta 75, ya shiga jerin a 2005.

Salon gandun zamani ya zo da wani tunani dabam. Bayan da Amurka ta kafa gandun Yellowstone a 1872, aka ɗauka cewa daji ba ya tsira sai an raba shi da mutane, kuma 'yan mulkin mallaka suka kai wannan salo Afirka da Asiya. Aka tashi ƙauyuka, aka mai da mai zuwa ibada mai shiga ba izini. Sau da yawa waɗanda aka kora ɗin su ne dalilin da ya sa wurin bai lalace ba har ya cancanci a keɓe shi.

Sauyin manufa

A 1992 UNESCO ta amince da rukunin wuraren da al'ada da halitta suka haɗu a cikinsu, kuma gandun Tongariro na Niyu Zilan ne ya fara shiga a 1993, saboda darajar duwatsunsa a wurin Maori, 'yan asalin ƙasar. Taron gandayen duniya na Durban a 2003 ya ƙarfafa batun haƙƙin 'yan asalin ƙasa, sannan sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 ta tabbatar musu da haƙƙin kula da wuraren ibadarsu da shiga cikinsu a keɓe. A 2008 ƙungiyar kare halitta ta duniya, IUCN, tare da UNESCO suka fitar da jagora ga shugabannin gandaye. Ginshiƙinsa shi ne a san da zaman wurin, a amince da masu kula da shi, kuma kada a yanke hukunci a kansa sai da yardarsu, wadda aka nema tun da farko ba tare da tilas ba. Shawara ce dai, ba doka ba, don haka aiki da ita ya dogara da kowace ƙasa.

Uluru

Misalin da aka fi ambata shi ne Uluru, jan dutsen nan mai tsawon mita 348 a tsakiyar Ostareliya. A 1985 gwamnati ta mayar da mallakarsa ga al'ummar Anangu, 'yan asalin yankin, su kuma suka ba hukumar gandaye hayarsa ta shekara 99, aka kafa kwamitin gudanarwa da suke da rinjaye a ciki. Duk da haka masu yawon buɗe ido suka ci gaba da hawan dutsen, alhali Anangu sun kafa alluna suna roƙon a bari. Dokarsu ta gado, Tjukurpa, ba ta yarda da hawan ba, kuma suna jin nauyin duk wanda ya mutu a ƙasarsu. Mutum fiye da 30 sun rasu a wajen hawa. Sai a 2017 kwamitin ya kaɗa ƙuri'ar hanawa, hanin ya fara aiki ranar 26 ga Oktoba, 2019, shekara 34 cif bayan mayar da ƙasar. Wannan jinkiri ya nuna cewa takardar mallaka ba ta isa ba muddin kuɗin shigar gandun yana zuwa daga abin da masu wurin ke ƙi.

A dutsen Devils Tower na Amurka an bi hanyar lallashi. Tun 1995 hukuma ke roƙon mahaya dutse su dakata a watan Yuni, lokacin bukukuwan ƙabilun yankin, ba tare da hukunta wanda ya ƙi ba.

Matsalolin gudanarwa

Mafi wuya ita ce ta sirri. Jami'in gandu yana son taswira domin kada a ja hanya ko a gina masauki a kan wuri mai tsarki, amma wasu wuraren haramun ne a faɗi inda suke, wasu na maza ne kawai, wasu na mata. Da zarar an sa su a taswira, ɓarayin kayan tarihi da 'yan kallo sun sami jagora. Mafitar da ake bi ita ce a shata yanki mai faɗi ba tare da nuna ainihin gurbin ba, bayanin kuma ya zauna a hannun masu kula. A gindin Uluru akwai sassan da aka hana ɗaukar hoto saboda wannan dalili.

Akwai kuma cunkoso. Masu ziyarar ibada kan zo da yawa a lokaci guda, kamar bikin Osun na watan Agusta, su bar shara da takakkiyar ƙasa. Tsarki ba kullum yake tafiya da kiyaye halitta ba, domin wata ibadar tana buƙatar fatar dabba ko saiwar tsiron da ya yi ƙaranci, kuma nan sai an zauna an daidaita. Daga ciki ma akwai rauni: mutane na sauya addini, matasa na tafiya birni, dattijo ya rasu da iliminsa. Idan hani ya mutu a zukata, shinge da masu gadi ba sa cike gurbinsa da sauƙi, ga kuma matsin haƙar ma'adinai da sarar katako.

Niyu Zilan ta gwada wata hanya a 2014. Ta cire Te Urewera daga jerin gandayen ƙasa, ta ba yankin matsayin mai haƙƙin kansa a gaban doka, tare da kwamitin da 'yan ƙabilar Tuhoe da wakilan gwamnati suke magana da yawunsa. An yi wa kogin Whanganui irin haka a 2017.