Dampar karanshaf

Dampar karanshaf na'ura ce da ake ɗaurawa a goshin injin mai fistin domin ta kwantar da girgizar murɗawa. Karanshaf kuwa shi ne sandar ƙarfen da ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyawa. Duk sanda mai ya kama wuta a silinda, fistin kan danna karanshaf da ƙarfi, sandar ta ɗan murɗe kamar ana matse wanki, sannan ta warware. Ido ba ya ganin wannan murɗewa. Haɗarin yana zuwa ne idan bugun fistin ya yi daidai da saurin girgizar da sandar ke da shi a karan kanta, tamkar lilon da ake turawa a kan kari: motsin ya yi ta ƙaruwa har ƙarfe ya gaji ya tsage. Dogon karanshaf ya fi shan wannan wahala, musamman na inji mai silinda 6 a jere, wanda ke samun bugu 3 a kowane zagaye in mai mataki huɗu ne, wato wanda kowace silinda ke kama wuta sau ɗaya a zagaye biyu.

Injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya yi rajistar irin wannan na'ura a 1910. A 1921 Bajamushe Heinrich Holzer ya wallafa hanyar lissafin saurin girgizar, wadda masu zane suka daɗe suna amfani da ita kafin zuwan kwamfuta.

Dampar da ta fi yawa a ƙananan motoci mai roba ce: cibiya a manne da karanshaf, zoben ƙarfe mai nauyi a waje, roba a tsakani. Gwanintar mai zane tana wajen daidaita nauyin zoben da taurin robar har su dace da girgizar wannan injin takamaimai. Shi ya sa dampar wani inji, ko da ta zauna daram, ba lalle ta yi aiki a wani ba. Kuma robar tana mayar da girgiza zafi ne, zafin nan shi ke cin ta. In ta tsufa ta ƙage, saitin ya goce.

Manyan injinan dizal sun fi amfani da mai ruwan silikon, inda zoben ke yawo cikin rufaffen gida, ruwan mai kauri yana riƙe shi. Tana aiki a gudu iri-iri, sai dai ɗan lotsewar gidan kan maƙale zoben, ta daina aiki ba tare da an lura ba.