Gidajen Tarihi na Vatican

Gidajen tarihi na Vatican rukunin ɗakuna ne da farfajiyoyi da dogayen zauruka da ke cikin fadar Fafaroma a birnin Roma, inda aka tara zane-zanen addinin Kirista tare da kayayyakin tarihin daulolin dā. Abin lura shi ne, tarin bai fara da hoton wani waliyyi ba. A watan Janairun 1506 aka tono gunkin Laocoön, wani limamin birnin Troy a tatsuniyar Girkawa wanda macizai suka nannaɗe shi da 'ya'yansa biyu, a wata gonar inabi, sai Fafaroma Julius na Biyu ya saye shi, kuma daga nan ake lissafa tarihin gidan.

Fafaromomin da suka biyo baya kowa ya ƙara nasa. Clement na 14 da Pius na 6 suka kafa sashen gumakan Girka da Roma, Gregory na 16 ya buɗe sashen mutanen Etruria, wata tsohuwar al'ummar Italiya, a 1837 da na tsohuwar Masar a 1839, shi kuwa ɗakin manyan zane-zane na Pinacoteca an buɗe gininsa na yanzu a 1932.

Hanyar da maziyarci ke bi kusan guda ce, kuma ƙarshenta ɗakin ibada na Sistine, wanda mai zane Michelangelo ya zana rufinsa daga 1508 zuwa 1512, daga baya ya zana Ranar Hisabi a bangon bagadi. A nan ne manyan limamai ke taruwa su zaɓi sabon Fafaroma. An hana ɗaukar hoto a ciki, masu gadi kuma ba sa gajiya da roƙon jama'a su yi shiru. Saboda kowa hankalinsa na can, mutane da yawa sukan ratsa zauren taswirori, mai tsawon mita 120 da taswirorin Italiya guda 40 a bangonsa, da ɗakunan da mai zane Raphael ya ƙawata, cikin gaggawa, alhali a ganin masu nazari waɗannan wurare sun cancanci a daɗe a cikinsu.

Ana buƙatar mai shiga ya rufe kafaɗu da gwiwoyi. Gidan a rufe yake ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata, wadda ake shiga kyauta, ranar da layi kan yi tsawo tun da sassafe.