"Adabin matasa": wane matashi ake nufi?

Tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, aka shiga maganar abin da yaranmu za su karanta da harshen, kuma a cikin wannan magana ce "adabin matasa" ya samu gindin zama. Rediyo na faɗa, masu jawabi a gidan matasa na faɗa, masu riƙe da muƙami ma sun ɗauka. Na ji daɗin hakan ƙwarai, don shekaru muka yi a nan Tawa ba mai ɗaga murya a kan karatun nishaɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake jefa kalmar kan duk abin da aka ga dama.

Kwanan baya na saurari wani shiri inda aka gabatar da baƙo da cewa ya kawo mana adabin matasa. Mutumin ya doshi arba'in, littafinsa kuma a kan rigimar gado ne tsakanin 'ya'yan kishiyoyi, duk mutanen ciki magidanta. Hujjar mai gabatarwa ita ce marubucin matashi ne. Da mako ya zagayo, a shirin nan dai, aka kawo wani ɗan littafi mai jan kunne kan shan tramol, shi ma aka ce adabin matasa ne, tunda don matasa aka yi shi. Littattafan biyu kowanne da amfaninsa, amma ba ko ɗaya da sunan ya dace da shi.

Rikicin ya faro ne daga bakin siyasa. Yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a Banjul a 2006, ta ce matashi shi ne mai shekara 15 zuwa 35. Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙididdigarta tana tsayawa a 15 zuwa 24. A unguwa kuwa mun saba ganin shugaban matasa mai mata biyu da 'ya'ya shida, tun zamanin Samariya, tsohuwar ƙungiyar matasan ƙasarmu, haka abin yake. Wannan awo yana da kyau in ana rabon aikin yi ko bashin sana'a. Sai ga Faransanci ta ɗaya gefen yana ja ƙasa: abin da suke kira littérature jeunesse ya haɗa har da littafin hotuna na ɗan shekara huɗu. Wanda ya yi lakwal, in ya ji "adabin matasa", wannan rumbun yake fassarawa a ransa. To siyasa ta ja kalmar sama har 35, Faransanci ya ja ta ƙasa har goye, ita kuma yarinyar nan 'yar shekara 15 da aka ƙirƙiro sunan dominta ta ɓace a tsakiya.

Asalin sunan daga ɗakunan karatu na Amurka ya fito. Ma'aikatansu sun lura akwai masu karatu da suka wuce kantar yara, kantar manya kuma ba ta magana da su, har ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta buɗe musu sashe na musamman a 1957. Shekarun da suke nufi 12 ne zuwa 18. Littafin da aka fi ambata a matsayin wanda ya buɗe ƙofa shi ne The Outsiders na S. E. Hinton, ya fito a 1967. Ta fara rubuta shi tana sakandare, mai ba da labarin ciki kuma yaro ne ɗan shekara 14. Kada wani ya ce ai ga shi nan, marubuciyar yarinya ce. Stephenie Meyer ta haura talatin, tana da 'ya'ya uku, lokacin da ta fitar da Twilight a 2005, labarin 'yar shekara 17 da ta kamu da son wani mai shan jini, kuma ba wanda ya taɓa cire shi daga wannan kanta. Masu saye ma ba su ne ma'auni ba: wani binciken kasuwar littattafai a Amurka a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen irin waɗannan littattafai sun kai 18 ko sun wuce. Ma'aunin ɗaya ne: da idon wa ake kallon duniya a cikin labarin? In idon mai tasowa ne, kuma marubucin ya yarda da wannan idon, bai tsaya a bayansa da bulala ba, to shi ne.

A nan ne nake ganin Hausa ta fi Turawan sa'a, domin kalmarmu ta riga ta faɗi komai. Matashi daga tashi yake, kamar yadda matafiyi yake daga tafiya, maɗinki daga ɗinki. Jam'in ma yana tona asalin: matasa, tasowa, taso. Mai yin tashi, wanda ke cikin yinsa yanzu. Wanda ya gama tashi ya zauna, magidanci ne, ko da takarda ta ce bai kai 35 ba.

Ku dubi abin da tashi ke ɗauke da shi. Mutum ya tashi daga barci, ya ga abin da da bai gani ba. Tsuntsu ya tashi, ya bar sheƙa. Ƙullu ya tashi, ya kumbura ya fi ƙarfin ƙwaryar da aka zuba shi. Hankali ya tashi. Faɗa ya tashi. Gari ya tashi, wato mutane sun kwashe sun bar kufai. Kasuwa ta tashi, an watse. Mukan ce wane a Ƙonni ya tashi, ma'ana can ya zama mutum. Mukan ce waƙa tana tashe, kowa ita yake rerawa. Iyayenmu kuma suna da "tashen balaga", suna faɗarsa da ɗan tsoro, kamar sunan wata iska mai wucewa. Ku nemo mini ɗaya cikin waɗannan da ba ya faruwa a jikin yarinya ko yaro tsakanin ajin sizyam, farkon kwaleji, da bak, jarabawar gama sakandare. Ta farka ta gane cewa babanta ma yana kuskure. Rigar bara ta matse ta. Ƙawar da suka tashi tare an ɗaura mata aure, kasuwar ƙuruciyarsu ta tashi ba sallama. Wani ya dube ta a bakin famfo, ta kwana uku abinci bai shiga ba. Mu manya mun wuce wurin, shi ya sa muke ganin abin kaɗan ne. Ita kuwa karon farko ke nan, ba ta da wani jiya da za ta auna shi da shi. Littafin da ya ɗauki wannan karon farko da nauyin da mai shi ke ji, shi nake kira adabin matasa, kuma ban ga dalilin da zai sa a ba wani littafi wannan suna ba.

Ɗiyar ƙanwata tana ajin da za su rubuta BEPC, jarabawar gama kwaleji, bana. Wani dare na same ta a tsakar gida da salular uwarta, tana dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ce, "Kawu, aljani ne ya faɗi jarabawa." Labari ne da ake sakowa kashi-kashi a WhatsApp: wani ɗan aljani da iyayensa suka tura makarantar bil'adama, yana iya ratsa bango amma lissafi ya gagare shi, kuma yarinya ɗaya tak a ajin ke ganinsa, ita ce mai ba da labarin. Na zauna ta karanta mini kashi biyu, na yi dariya sosai. Amma abin da ya riƙe ni daban ne. Ɗan aljanin nan kullum yana ɓoye kofatonsa cikin takalmi kada a gane shi, yana tsoron a yi masa dariya, yana son a sa shi cikin fadar samari amma bai san yadda ake shiga ba. Wane yaro ne ɗan 14 bai ɓoye wani kofato ba? Talaucin gidansu, ko muryarsa da ta fara fashewa, ko Faransancinsa mai karkata. Dariyar da ɗiyar nan ke yi, rabinta dariyar samun sauƙi ce, ta ga ba ita kaɗai ba ce baƙuwa a cikin jikinta.

Wasu za su ce aljanu da soyayya kayan aro ne daga finafinan Turawa. Ba su tuna tatsuniyar yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo ba? Ta kori samarin gari kaf, sai ga wani kyakkyawa ba tabo ko ɗaya, ta bi shi, a hanya ya dinga mayar da kayan jikin da ya aro har ya koma dodo. Soyayya da abin tsoro a kwano ɗaya, tun kafin a haifi kakannin masu Twilight. Bambancin yana wurin mai riƙe da labarin. A tatsuniya kaka ce ke magana, kuma ta riga ta yanke hukunci: girman kai ne ya ja wa yarinyar. Adabin matasa zai karɓe bakin ya ba yarinyar. Me ta gani a fuskar baƙon? Me ya sa samarin garinsu suka gundure ta? Da ta ga ya fara cire hannun aro, me ya hana ta juyawa? Tatsuniyar tana nan daram, ba a taɓa ta ba, an dai samu ɗayan ɓangaren.

Sai littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka daɗe suna shigo mana ta Ƙonni, yanzu kuma ta salula. Tun So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, 'yan mata ne manyan masu karanta su, shi ya sa mutane ke ɗauka soyayya da adabin matasa abu ɗaya ne. Sun yi tarayya a wani wuri, amma da yawansu labarin zaman aure ne, kishiya da uwar miji da saki, idon matar gida ne ke kallo. 'Yar 15 na iya karantawa ta ji daɗi, kamar yadda take sa zanen uwarta.

Kuma soyayyar mai tasowa a ƙasarmu tana da nauyin da ta Amurka ba ta da shi. Can yarinya 'yar 16 tana tunanin wa zai raka ta bikin makaranta. Nan, alƙaluman UNICEF sun ce kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika 18. A Adar kuma saurayi yana fara gemu ake maganar tafiya biɗa, Abijan ko Libiya ko Legas, ya bar alkawari a baya. Wato a wurinmu so na farko da rabuwa ta farko da shawarar da za ta yanke rayuwa gaba ɗaya sukan zo a shekara guda. In akwai ƙasar da ke bukatar labarin da zai zauna kusa da yarinya a wannan shekarar, ya yi kuka tare da ita, wannan ce, ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai 15 ba.

Na san damuwar iyaye da malamai, kuma ba ta banza ba ce. Akwai rubutun batsa da ke yawo a salula da sunan soyayya, ni ma ba na son ya faɗa hannun ɗiyar ƙanwata. Amma in aka ce maganinsa shi ne a mayar da kowane labari wa'azi, a sa yarinyar da ta yi murmushi a shafi na uku ta mutu wurin haihuwa a shafi na ƙarshe, yaran za su gane tun daga bango, su ajiye, su koma wancan. Suna jin warin jan kunne daga nesa. Suna da huɗubar Juma'a, suna da makarantar allo, suna da mu, kuma duka muna yin aikinmu. Littafin labari aikinsa daban: ya ce na ga abin da kike ji, kuma ba hauka ba ne. Jin daɗin karatu kansa ba laifi ba ne da za a nema masa uzuri. Yaron da ya kwana yana bin ɗan aljani har kashi na arba'in ya karanta Hausa fiye da abin da aji zai sa shi ya karanta a wata uku, ba kuma wanda ya tsaya a kansa.

Bayan dare biyu ɗiyar nan ta kawo mini wani kaye na makaranta, bangonsa ya yi laushi don yawan hannu. Wata 'yar ajinsu ce ke rubuta labari a ciki da biro, ana karɓa bi da bi, kowa kwana ɗaya. Ta ce, "Kawu, gobe da safe zan mayar, ka yi sauri." Mai magana a ciki 'yar shekara 15 ce, saurayinta ya tafi Abijan bayan girbi, an kuma fara kawo goro gidansu daga wani wuri. Shafin da rubutun ya tsaya, tana zaune bayan ɗaki da salular yayanta, caji ya rage kaɗan, tana jiran kira. A gefen shafin wasu hannuwa uku daban-daban sun rubuta wa marubuciyar saƙo, biyu na roƙon ya kira, ɗaya na cewa kada ta jira shi.